Filin Tambayoyinku: Keken Kabon Ba Ya Son Hannu Mai Nauyi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan keken kabon suke, irin na tsere da na hawan dutse da ke shigowa cikin kwantenar gwanjo, ko waɗanda matasa ke yin odarsu ta intanet su haɗa da kansu. Mun zaɓi bakwai, mun kuma gajarta wasu saboda fili.

Assalamu alaikum. Sirdin kekena yana zamewa ƙasa duk lokacin da na yi tafiya. Na kai wa mai gyara, ya sa alanki ya ɗaure iya ƙarfinsa, sai muka ji ƙas. Yanzu ga wani siririn layi a bakin bututun da sandar sirdin ke shiga. Me ya faru? Mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sai haƙuri, wannan ƙas ɗin da kuka ji tsagewa ce, kuma kada ka sake hawa sai an duba. Mai gyaran bai yi da mugunta ba. Hannunsa ya saba da Raleigh da Phoenix, inda maganin duk abin da ke motsi shi ne a ƙara ɗauri.

Kabon ba ƙarfe ba ne. Zaruruwa ne sirara, kowanne kaurinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na gashin kai ba, ana jera su shimfiɗa kan shimfiɗa, a jiƙa da wani gam da ake kira efoksi, a gasa cikin mazubi. Kamfanin Toray na Japan ne ya fi suna wajen yin zaren, shi ya sa kake ganin sunayen zarensa, T700 ko T800, a jikin wasu kekunan. Ka ɗauki gora a misali: ka ja ta a tsaye, ko ka jingina mata kaya ta tsawonta, ba abin da zai same ta, amma ka taka ta a kwance sai ta dare. Haka bututun kabon yake. An jera zarensa don ya ɗauki nauyin mahayi da bugun feda, ba don a matse shi ta gefe ba. A keke marar nauyi, kaurin bangon bututun sama a tsakiya bai ma kai milimita 1 ba.

Don haka kowane noti yana da iyakarsa, kuma galibi an rubuta ta a kusa da shi: 5 Nm, 6 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne). Wannan lambar iyaka ce, ba wurin farawa ba. In kana son ka san ƙanƙantar 5 Nm, nauyin kilo 5 ne kacal a bakin alanki mai tsawon santimita 10. Babban mutum yana ninka wannan ba tare da ya ji ya yi wani aiki ba. Sifana mai awo, wadda ke yin ƙara in ta kai adadin da aka saita, ita ce kayan aiki na farko da ya kamata mai keken kabon ya mallaka, tun kafin hular kwano ta biyu ko rigar tsere. Wadda ke auna daga 2 zuwa 14 Nm ta ishe ka yawancin aiki. Maɗaurin sirdi da notocin wuyan kai, wato guntun da ke riƙe kan keke, suna zama tsakanin 4 da 6, na gidan gorar ruwa 2 zuwa 3.

Maganin zamewar sirdi kuwa ba ɗauri ba ne. A zare sandar, a goge ta da cikin bututun sarai har giris ya fita, a shafa man haɗa kabon. Wani mai ne mai kauri da aka zuba wa ƙananan tsakuwoyi a ciki, in ka murza shi a yatsa za ka ji shi kamar yashi. Fiber Grip na Finish Line da SAC-2 na Park Tool su ne aka fi sani. Da shi, sandar takan kama tun kafin a kai iyakar notin. In har yanzu tana zamewa, a auna ta. Girman da aka saba shi ne milimita 27.2, 30.9 da 31.6, kuma kekunan gwanjo sau da yawa sukan zo da sandar da ba tasu ba. Wanda ya sa 30.9 a ramin 31.6, ko zai kwana yana ɗaurewa ba za ta kama ba, bututun ne zai tsage.

Na yi odar firam da fok na kabon (ɓangaren mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba), ina haɗawa da kaina. Sandar fok ɗin ta yi tsawo sosai. Yaya ake yanke ta, kuma zan iya buga notin tauraro irin na tsohon kekena? Mai karatu daga Kaduna.

Mu fara da na biyun: a'a, ko kusa. Notin tauraro yana da haƙora da ke cizon bangon bututu. A ƙarfe ko alminiyam ba komai, a kabon kuwa yanka zaren yake yi daga ciki, a daidai wurin da ba ka gani, kuma a sandar da in ta karye fuskarka ce za ta fara isa kwalta. Abin da ake sawa shi ne matoshi mai kumbura, wanda in an ɗaure notinsa yake buɗewa ya kama bango ko'ina daidai. Aikinsa biyu ne: yana ba murfin sama abin kamawa, yana kuma tokare bututun daga ciki don kada wuyan kai ya matse shi. Saboda haka ka nemi mai tsawon da zai kai har daidai notin ƙasa na wuyan.

Yankan kuwa, kada ka yi gaggawa, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. Ka haɗa komai tukuna: boris na ƙasa da na sama, murfinsu, zobban tazara, wuyan kai. In da hali ka bar rarar a sama, ka cike ta da zobba, ka hau keken mako guda ka ji ko tsayin ya yi wa bayanka daidai. Zobban da ke ƙarƙashin wuya kada su wuce milimita 30 zuwa 40, gwargwadon abin da kamfanin fok ɗin ya yarda. In sai ka tara fiye da haka kafin ka ji daɗin zama, firam ɗin ya yi maka ƙanƙanta.

Da ka tabbatar da tsayin, ka ɗora zobe ɗaya na milimita 5 a saman wuyan, ka ja layi da fensir a bakin zoben, ka sauko milimita 3 ƙasa da layin. Nan ne wurin yanka. Hikimar ita ce sandar ta ɗan leƙo sama da wuyan, yadda notin sama zai matse cikakken bututu maimakon bakinsa, sannan a sami ɗan fili ƙarƙashin murfi don ya iya jan komai ya haɗe.

Ka naɗa salatif na takarda a wurin don kada zaren ya tashi. Ka sa majagaba ta zarto. In ba ka da ita, tsofaffin wuya biyu da aka ɗaure sama da ƙasa da layin, aka bar tsaga daidai kaurin ruwan zarto, suna yin aikin. Ruwan zarton ya zama sabo mai ƙananan haƙora, 32 a inci guda, ko irin mai yashi da aka yi musamman don kabon. Abin yankan fayif na masu aikin famfo, mai zagayawa yana matsewa, kada ya taɓa ta. Ka riƙa yayyafa ruwa, ka sa takunkumi, domin ƙurar kabon ba abin shaƙa ba ce. Kada ka danna, nauyin zarton ya isa. In ka kusa ƙarshe ka juya sandar ka ƙarasa daga ɗaya gefen, in ba haka ba zaren ƙarshe yakan yage ya bi jikin bututun. Ka goge bakin da samfefa mai laushi, lamba 400, ka share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Wurin da mutane da yawa ke kuskure shi ne tsarin ɗauri. Matoshi ne farko, a adadin da aka rubuta masa. Sannan murfin sama, notocin wuya suna sake, a ɗaure shi kaɗan kaɗan. Ka kama birkin gaba, ka tura keken gaba da baya, yatsanka a kan mahaɗar boris: da zarar ƙwanƙwasar ta ɓace ka tsaya. Ka ɗaga gaban, kan ya juya hagu da dama da kansa ba tauri. Sai a ƙarshe notocin wuya, wannan kaɗan wancan kaɗan har su kai 5 Nm. Giris kada ya taɓa wurin da wuyan ke kamawa, kuma wasu kamfanoni ko man haɗa kabon ba sa so a nan, don tsakuwarsa na iya gangarawa cikin boris. Notoci huɗu da ke riƙe kan keke a gaba ana bin su a gicciye, tazarar sama da ta ƙasa ta zo daidai, sai in an rubuta a jiki cewa a rufe gefe ɗaya tukuna.

Zan sayi keken kabon na gwanjo. Me zan duba kafin in biya? Mai karatu daga Maraɗi.

Ka tafi da tocila, auduga, alanki da tsabar kuɗi, ka kuma nemi a wanke keken, domin datti na ɓoye abubuwa da yawa. Ka haska tocilar a karkace, ba kai tsaye ba, ka bi kowane bututu. Wuraren da suka fi cin duka sanannu ne: bututun sama inda kan keke ke bugawa in an faɗi, ƙarƙashin babban bututun ƙasa inda duwatsu ke tsalle, bututun firam na baya na dama kusa da faifan feda inda sarƙa ke faɗawa ta ci jiki, bakin ramin sirdi, da kunnuwan da ke riƙe ƙafafu.

Ba kowane layi ne tsagewa ba, sau da yawa fenti ne kawai ya karce. Ka goga auduga a kai. In ta maƙale ta bar zare, to zaren kabon ya tashi. Ka danna da babban yatsa, ka kwatanta da irin wurin a ɗaya gefen. Laushi alama ce mummuna. Sannan ka ƙwanƙwasa da gefen tsabar a hankali, kana tafiya daga lafiyayyen wuri zuwa inda kake zargi. Lafiyayyen kabon yana amsawa tas tas, inda shimfiɗun suka rabu kuwa sautin yakan mutu, kamar ka buga fasasshiyar ƙwarya. Wannan gwajin yana da iyaka, musamman a mahaɗai masu kauri inda sauti ke canzawa ko ba lahani. A Turai da Amurka masu gyara na'urar duban-ɗan-tayi suke sawa su tabbatar.

Abin da kusan ba mai yi, alhali ya fi duka muhimmanci: a zare fok a duba sandarsa. Keken da aka daɗe ana hawa da kai a sake yakan ci zobe a jikin sandar, daidai inda boris na sama yake zama. In farcenka ya faɗa cikin zoben, fok ɗin ya gama aiki. Mai sayarwar da ya hana a zare, ka gode masa ka tafi.

Ka juya keken ka ga lambar kamfani a ƙarƙashin gidan feda. Akwai jabun manyan sunaye irin su Pinarello da Specialized a kasuwa. Yawancin firam na gaskiya ma a Taiwan da Sin ake yin su, don haka ƙasar da aka yi ba ita ce abin dubawa ba. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai, shi ma ka tambayi dalilinsa. In ciniki ya faɗa, ka nemi kunnen giya na ajiya tun yanzu, wato ɗan alminiyam ɗin da mai sauya giya na baya ke rataye a jiki. An yi shi don ya lanƙwashe ko ya karye maimakon firam, kuma kusan kowane samfuri da irin nasa.

Ƙafar baya ta firam ɗina ta tsage. Mai walda ya ce zai iya. In ba shi? Mai karatu daga Kano.

Kada ka ba shi. Babu ƙarfen da zai narke, wuta ƙona gam ɗin kawai za ta yi. Cusa gam mai kama-nan-take a tsagar ma rufe ido ne, domin ƙarfin a zare yake, zaren kuma ya riga ya yanke. Amma kabon yana gyaruwa, har ya fi alminiyam sauƙin gyara a hannun gwani. Ana goge wurin a gangare har a wuce lahanin, a shimfiɗa sabon yadin kabon falle falle, kowanne ta fuskar da na asali ya bi, a jiƙa da efoksi, a matse sosai don iska da rarar gam su fita, a bar shi ya bushe da ɗumi. Bututun firam ana yi masa haka. Fok, kan keke, wuya da sandar sirdi, shawararmu a sake su kawai.

Na sauko Hawan Kibo da rim ɗin kabon mai birkin roba. Kafin in kai ƙasa birkin yana ihu, yanzu kuma in na kama sai in ji yana fizga. Mai karatu daga Jos.

Fizgar nan ita ce ta dame mu. Alminiyam yana kwashe zafi ya watsa shi ko'ina a rim, kabon kuwa riƙe shi yake a daidai layin da roba ke gogawa. Wanda ya riƙe birki a hankali tun daga saman gangara har ƙasa yana dafa wurin ne, har gam ɗin ya yi laushi, iskar taya kuma ta tura bangon waje. Ka cire tayar, ka juya ƙafar a hankali kana kallon tazarar da ke tsakanin rim da roba, ka kuma shafa da yatsa. In akwai kumburi ko wurin da ya sauya launi, rim ɗin ya tashi aiki.

A doguwar gangara, ka kama da ƙarfi na ɗan lokaci, ka saki gaba ɗaya ya sha iska, ka sake kamawa. In hanya ba ta ba da damar saki ba, ka tsaya ka huta. Robar birki dole ta zama ta kabon, irin Black Prince ta SwissStop ko wadda kamfanin rim ɗin ya ba da. Robar da ta taɓa aiki a rim ɗin alminiyam kada ta koma kan kabon ko sau ɗaya: ka duba fuskarta za ka ga ƙananan ƙyalli, gutsattsarin ƙarfe ne da za su kankare rim. Ihun yakan ragu in aka saita gaban robar ya riga bayanta taɓawa da kamar rabin milimita. Da damina kuma ka sani birkin nan sai ƙafa ta zagaya sau ɗaya ko biyu ta share ruwa kafin ya kama. Mai zama a tudu irin Filato, in zai sake keke, gara mai birkin faifai. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da shi a tseren kwalta tun 2018.

Tunda muna kan rim: wasu sababbi ba su da ƙugiyar da ke riƙe bakin taya, kuma iyakar iskarsu 72.5 psi ce a agogon famfo. Mai faci na bakin titi da injinsa, yana gwadawa da yatsa, zai wuce nan cikin ƙiftawar ido. Ka mallaki famfo mai agogo.

Duk bugun feda sai in ji ƙiƙ ƙiƙ daga ƙasa. An ce gidan boris na feda ne. Mai karatu daga Abuja.

Wataƙila, amma bututun kabon kamar ganga yake, ƙara daga ko'ina sai ta yi kamar daga ƙasa take. Ka miƙe tsaye kan feda: in ta ɗauke, sirdi ne ko sandarsa. In ba ta ɗauke ba, ka kwance feda biyu ka sa giris a zarensu, ka duba notocin faifan sarƙa, ka goge ka ɗan shafa wa sandar da ke riƙe ƙafar baya giris, haka bayan kunnen giya. Mafi yawan ƙara a nan take ƙarewa.

In ta nace, sai a koma gidan boris. Mai zare, irin BSA, a kwance a wanke a sa giris a ɗaure 35 zuwa 50 Nm, kuma na dama zarensa a juye yake. Wanda ake dannawa ba zare, ka fara sanin irin naka: faɗin ramin BB86 milimita 41 ne, BB30 42, PF30 46. Ƙarar tana zuwa ne in ramin bai cika da'ira ba ko ya ɗan yi faɗi, kofin yana motsi. Guduma ba ta da aiki wajen sawa. Dogon bolti mai zare da manyan washa biyu ya isa ya danna kofi a miƙe, ɗaya bayan ɗaya. Kofin ƙarfe mai motsi ana kama shi da gam ɗin Loctite 641, ko a sayi irin wanda ɓangarorinsa biyu ke ɗaure juna a tsakiya. Notoci biyu na hannun feda na hagu na kamfanin Shimano, 12 zuwa 14 Nm, bi da bi.

Ɗana ya bar kekensa wata takwas, sandar sirdin alminiyam ta ƙi fita. Kuma zafin garinmu ba zai narkar da keken ba? Mai karatu daga Sakkwato.

Hajiya, zafin bazara ba zai narkar da shi ba, domin a zafin da ya haura digiri 100 aka gasa shi. Abin gudu shi ne hayaƙin salansa in an rataye keken a bayan mota kusa da rim, da barin taya cike da iska a rufaffiyar mota cikin rana. Inda fenti ya ɓantare, a ɗiga man farce marar launi don rana kada ta ci gam ɗin.

Sandar kuwa gumi ne ya kama ta. Kabon da alminiyam in ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin yakan ci, ya yi farin gari mai kumbura ya cike tazarar. Kada a sa wuta, kada a zuba soda irin ta yin sabulu, domin akwai alminiyam a wasu sassan firam ɗin. A fesa man kwance tsatsa a baki, a kifa keken a zuba ta ciki, a bar shi kwana biyu ko uku. Sannan a naɗa wa sandar ƙanƙara, alminiyam ya fi kabon tsukewa da sanyi. A kama kan sandar a bais, keken a kife, mutum biyu su riƙa juya firam ɗin kaɗan kaɗan suna ja sama. In ta ƙi, a yanke ta a bar santimita 3, a tsaga ragowar daga ciki da ruwan zarto a hankali har ta saki. Nan gaba ya riƙa zare ta duk wata uku yana sabunta man haɗa kabon.

Ki gaya masa wanki da ruwa da sabulu ne, ban da fetur da tina, ban da injin wankin mota da ke tura ruwa cikin boris. Da hunturu man sarƙa busasshe ya fi, baƙin mai ƙura yake tarawa ya zama samfefa. In zai kai keken wani gari a motar haya, kada ya bari a ɗora shi a sama a ja roba ta kan bututun. A cire ƙafafu da mai sauya giya na baya, a tokare tsakanin kunnuwan fok da na baya da guntun katako, a sa shi a kwali.